Ko Kun Sani? Karen Azawak a Fagen Gasa

Karen Azawak, dogon karen nan mai siririn ƙugu da Buzaye ke kira oska, ya samo sunansa daga kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, arewa maso yamma da Dakoro. Makiyaya na kiwonsa don gadin dabbobi da farautar zomo da barewa.

A shekarun 1970 aka kai shi Turai, ya zama karen gida, kuma ɗan gasa. Ƙungiyar karnuka ta Amurka, AKC, ta yi masa cikakkiyar rajista a 2019. A fagen gasa, inji ke jan farar leda da igiya, tana zilliya kamar zomo, karnuka na binta a guje. Alƙalai na ba da maki bisa sauri, juriya da iya shan kwana.