Abin da Ɓaraguzan Landan Suka Koyar Game da Ƙoda

A shekarar 1941, lokacin da jiragen Jamus ke luguden bama-bamai a Landan, likita Eric Bywaters da abokin aikinsa Desmond Beall suka wallafa bayanin mutane huɗu da aka zaƙulo daga ƙarƙashin ɓaraguzai. Da farko sun farfaɗo, amma sai fitsari ya ɗauke musu, cikin kamar mako guda duk suka rasu.

To, me ya kashe su? Tsokar da gini ya danne takan mutu, ta saki wani furotin mai suna mayogulobin. Da zarar an ɗage nauyin, sai jini ya kwashe shi zuwa ƙoda, ya toshe 'yan siraran bututun da ke tace fitsari. Binciken da ya biyo baya ya nuna rigakafin ba shi da tsada: ƙarin ruwa ta jijiya da wuri.

Saboda haka, ɗalibai, idan gini ya rufta wa mutum a Tarauni, ko mota ta danne shi a Titin Zariya, kada a ce ai ya miƙe a wuce da shi gida. A garzaya Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi, inda akwai injinan wankin ƙoda. A kuma lura da fitsarinsa, ko ya ragu, ko ya koma launin baƙin shayi.