Karatun Ma'aikacin Jinya da Ran Majinyaci: Abin da Bincike Ya Gano

A kowane asibiti da ake kwantar da marasa lafiya, likita kan zagaya ɗakunan kwanciya sau ɗaya ko sau biyu a yini, ya duba majinyaci, ya rubuta magani, ya wuce ɗakin tiyata ko wurin ganin masu zuwa daga gida, alhali ma'aikatan jinya, waɗanda aka fi sani da nas, su ne ke miƙa wa juna aiki safe da yamma da dare, ta yadda babu sa'ar da gadon majinyaci ke fita daga hannunsu. Wannan ne ya sa batun yadda ake horar da su, da tsawon karatun, da wurin da ya dace a yi shi, ya zama batu na rai da mutuwa, ko da yake an shafe fiye da ƙarni guda ana muhawara a kansa da ra'ayi kawai kafin masu bincike su samo hanyar auna shi da alƙaluma.

Makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, bayan dawowarta daga yaƙin Kirimiya, ita ce ta zama abin koyi a Ingila da Amurka da ƙasashen da Ingila ta yi wa mulkin mallaka. A wannan tsari ɗaliba tana zaune a harabar asibiti, tana koyon aiki a gefen gado ƙarƙashin babbar nas, kuma karatun aji kaɗan ne. Tsarin ya fitar da aikin jinya daga wulaƙancin da yake ciki, amma da ya yaɗu sai asibitoci suka gane cewa buɗe makaranta hanya ce ta samun ma'aikata a arha. Rahoton da Josephine Goldmark ta jagoranta a Amurka, wanda ya fito a 1923 da tallafin Gidauniyar Rockefeller, ya nuna cewa a makarantu da dama buƙatar asibiti ce ke gaba da karatun ɗaliba, wadda ake ɗora wa aikin da ta riga ta iya tana ta maimaitawa, ba tare da malamin da ke bibiyar abin da ta koya ba. A shekarar ce Jami'ar Yale ta buɗe makarantar jinya mai kasafin kuɗi na kanta, wadda ba ta dogara da asibiti ba.

Duk da haka Amurka ta ci gaba da hanyoyi uku na zama nas: diflomar asibiti ta shekara uku, da takardar ƙaramar kwaleji ta shekara biyu, da digirin jami'a na shekara huɗu, kuma dukansu jarrabawar lasisi ɗaya suke rubutawa. Wannan bambanci ne ya ba Linda Aiken da abokan aikinta na Jami'ar Pennsylvania damar yin kwatance. A binciken da suka wallafa a 2003 a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, sun haɗa bayanan majinyata 232,342 da aka yi wa tiyata a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania da amsoshin dubban ma'aikatan jinya na waɗannan asibitoci, inda yawan masu digiri ya tashi daga babu ko ɗaya a wasu asibitocin zuwa kashi 77 cikin ɗari a wasu. Domin kada a kwatanta asibitin da ke karɓar masu matsanancin ciwo da wanda ke karɓar masu sauƙi, sun daidaita lissafin da shekarun majinyaci, da cututtukan da ya zo da su, da irin tiyatar, da girman asibiti, da kayan aikinsa, da ƙwarewar likitan da ya yi aikin. Bayan duk wannan tankaɗe da rairaya, sun samu cewa duk ƙarin kashi 10 cikin ɗari na ma'aikatan jinya masu digiri yana tafiya da raguwar kashi 5 cikin ɗari na yiwuwar mutuwar majinyaci a cikin kwana 30 da kwantar da shi. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, yawan shekarun da ma'aikatan suka yi suna aiki bai nuna irin wannan tasiri shi kaɗai ba.

Ma'auni na biyu da binciken ya yi amfani da shi ya fi bayyana dalilin wannan sakamako. Shi ne abin da ake kira gazawar ceto, wato mutuwar majinyacin da wata matsala ta taso masa bayan tiyata, kamar zubar jini ta ciki, ko shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, ko ciwon huhu, ma'aunin da Jeffrey Silber ya gabatar a 1992. Hikimarsa ita ce matsala na iya tasowa a kowane asibiti, komai kyansa, amma abin da ke raba asibiti da asibiti shi ne saurin gano ta da saurin ɗaukar mataki. Majinyacin da aka yi wa aikin ciki da rana, jini na zuba a cikinsa da dare, ba ya yin kururuwa. Bugun zuciyarsa ne ke hawa a hankali, numfashinsa ya ɗan yi sauri, tafin hannunsa ya yi sanyi da gumi, fitsarin da ke taruwa a jakar da ke rataye a gefen gado ya ragu, ya riƙa juye-juye yana neman ruwa, kuma a wannan lokaci awon jininsa na iya nuna lafiya lau, domin jiki yana matse jijiyoyi ya riƙe shi har sai abin ya yi nisa. Nas ɗin da aka koya wa cika takardar awo kawai za ta rubuta lambobin daidai ta koma kujera. Wadda ta san yadda jiki ke aiki za ta haɗa waɗannan alamu wuri ɗaya, ta ƙara gudun ruwan da ake sa masa bisa ƙa'idar asibiti, ta aika a shirya jini, ta tayar da likita da bayanin da ba zai iya ɗagewa zuwa safiya ba. Wannan hukunci na tsakar dare shi ne ainihin abin da karatun jinya ke ginawa, kuma shi ne abin da alƙaluman ke kamawa daga nesa.

An yi zargin cewa sakamakon na Amurka ne kawai, saboda haka aka maimaita binciken a Turai ƙarƙashin shirin RN4CAST, aka wallafa shi a mujallar Lancet a 2014. Ya ƙunshi majinyata 422,730 'yan shekara 50 zuwa sama da aka yi wa tiyata a asibitoci 300 na ƙasashe tara, wato Beljiyam, Ingila, Finlan, Ailan, Holan, Norwe, Sifen, Suwidin da Suwizalan. A nan ƙarin kashi 10 cikin ɗari na masu digiri ya tafi da raguwar mutuwa da kashi 7 cikin ɗari, yayin da ƙara wa nas majinyaci ɗaya a kan waɗanda take kula da su ya ƙara yiwuwar mutuwa da kashi 7 cikin ɗari. Masu binciken sun lissafa cewa asibitin da kashi 60 na ma'aikatan jinyarsa ke da digiri, kowace kuma na riƙe da majinyata shida, zai samu raguwar mace-mace da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta shi da wanda kashi 30 kawai ke da digiri, kowace na riƙe da takwas.

Adalci ya buƙaci a faɗi iyakar waɗannan bincike. Bincike ne na lura da kwatance, ba gwajin da aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a ba, don haka yana yiwuwa asibitin da ke jawo masu digiri yana da wasu kyawawan halaye da lissafi bai kama ba. Kuma an yi su ne a ƙasashen da nas ke riƙe da majinyata ƙasa da goma ko kaɗan sama da haka, da wuta, da iskar numfashi, da jini a ajiye. Sai dai maimaituwar sakamakon a ƙasashe masu tsarin lafiya daban-daban hujja ce mai nauyi, kuma wani binciken na Aiken a asibitoci 665 na jihohin Amurka huɗu, wanda ya fito a 2011, ya ƙara wani darasi: rage wa nas yawan majinyata bai yi wani amfani ba a asibitocin da yanayin aiki ya lalace, inda ba a sauraron nas kuma shugabanci ya yi rauni, amma ya yi amfani sosai inda yanayin ke da kyau. A Ingila, inda digiri ya zama sharaɗin shiga aikin jinya daga 2013, an yi ta ƙorafin cewa mai digiri za ta raina wanke majinyaci da ba shi abinci. Kwamitin Lord Willis ya duba wannan zargi a 2012 bai samu shaidar da ke goyon bayansa ba, kuma binciken Robert Francis a kan wahalar da majinyata suka sha a asibitin Stafford ya nuna yatsa ga rage ma'aikata da fifita lissafin kuɗi a kan kulawa.

Sunan takardar shaida ba shi ne ke ceton rai ba, abin da aka koya kafin a same ta ne, kuma a nan ne wani reshen binciken ya fi amfani ga masu tafiyar da makarantu. Patricia Benner ta nuna a 1984 cewa nas tana hawa matakai biyar daga sabon shiga, mai bin ƙa'ida harafi da harafi, zuwa gwana wadda ke ganin yanayin majinyaci gaba ɗaya a kallo guda, kuma wannan hawa ba ya samuwa sai da aiki a gefen gado tare da wanda ya riga ya ƙware. Binciken da ta jagoranta wa Gidauniyar Carnegie, wanda ya fito a 2010, ya gano cewa babban rauni a makarantun Amurka shi ne rabuwar aji da ɗakin majinyata: malami na zuba bayanai a aji ana kwafa, ɗaliba ta je asibiti ta kasa haɗa su da mutumin da ke kwance a gabanta.

Ƙarancin wuraren koyon aiki a asibiti ya sa makarantu suka koma ga kwaikwayon jinya, wato horo da mutum-mutumin roba mai numfashi da bugun zuciya, ko da mutumin da aka koya wa yin kamar maras lafiya. Majalisar hukumomin jinya na jihohin Amurka ta gwada wannan a makarantu goma, ta raba ɗalibai rukuni uku ta hanyar ƙuri'a, kuma sakamakon da ta fitar a 2014 a kan ɗalibai 666 ya nuna cewa waɗanda aka musanya wa har rabin sa'o'in asibiti da kwaikwayo ba su gaza sauran ba a jarrabawar lasisi ko a watanni shida na farkon aikinsu. Ana yawan ambaton wannan sakamako a manta da sharuɗɗansa, alhali su ne ginshiƙinsa: malaman an horar da su musamman, kuma bayan kowane kwaikwayo ana zama a warware abin da ya faru, a tambayi ɗaliba me ta gani, me ya sa ta jinkirta, me za ta sake. Mutum-mutumi mai tsada da aka kulle a ɗaki, ana buɗe shi ranar da masu tantance makaranta za su zo, ba ya cikin abin da binciken ya auna.

Wannan batu ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin tsarin da ta gada na Nightingale ne. Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan, a makarantar St Thomas ta yi karatu, kuma Jami'ar Ibadan ce ta fara digirin jinya a ƙasar a 1965. Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda aka kafa a 1979 ta hanyar haɗe hukumomin biyu, ita ke tantance makarantu da ƙayyade yawan ɗaliban da kowace za ta ɗauka, kuma a 'yan shekarun nan ta tura makarantun shekara uku su koma kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babba a shekara huɗu, a gefen digirin jami'a na shekara biyar. Manufar tana kan hanyar da bincike ya nuna. Matsin lambar ƙara yawa ma gaskiya ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2020 cewa duniya na da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, kashi 89 cikin ɗari na giɓin a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma hukumar jinya ta Nijeriya ta bayyana a farkon 2024 cewa fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Abin damuwa shi ne masu tafiyar sukan kasance waɗanda suka ƙware, wato su ne ya kamata su tsaya a kan ɗalibai a gefen gado, ta yadda ninka ɗalibai a aji ba tare da ninka malamai da masu sa ido a asibiti ba zai mayar da makarantu ga halin da rahoton Goldmark ya bayyana shekara ɗari da suka wuce.

A Arewa akwai ƙarin matsalar samun 'yan matan karkara da suka cika sharuɗɗan shiga, a yankin da mata da yawa ba sa sakin jiki da namiji ya duba su, musamman wajen haihuwa. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya aka ƙara Borno, ya tunkari wannan ta hanyar ajin share fage, inda ake ƙarfafa wa 'yan mata darussan kimiyya da Turanci har su ci jarrabawar shiga kamar kowa, tare da gyara ɗakunan kwana da horar da malamai mata domin makarantu su samu cikakkiyar tantancewa. Darajar wannan hanya ita ce ta ɗaga ɗaliba zuwa ga ma'auni maimakon a sauke ma'aunin. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da majinyata da ma'aikatan da za a iya yin irin binciken Aiken a kansu, kuma abin da yake buƙata bai wuce takardun majinyata da aka cika daidai, da jadawalin aikin da ke nuna nas nawa ke kan majinyata nawa a kowane dare, da bayanin makarantar da kowace ta fito ba.