Yadda Lissafin Mace-mace Ya Gyara Kasafin Lafiya a Tanzaniya

A shekarar 1993 Bankin Duniya ya fitar da wani rahoto a kan kiwon lafiya mai ɗauke da magana mai nauyi: ko matalauciyar ƙasa tana iya rage mace-mace ƙwarai, muddin ta kashe ɗan abin da ke hannunta a kan cututtukan da suka fi kashe jama'arta. A takarda maganar ta yi armashi, saura a sami mai gwadawa.

Gwamnatin Kanada, ta hannun cibiyarta ta binciken raya ƙasashe, wato IDRC, ta haɗa gwiwa da ma'aikatar lafiya ta Tanzaniya, aka zaɓi gundumomin karkara biyu, Rufiji da Morogoro. Aiki ya kankama a 1997.

Matakin farko shi ne sanin abin da ke kashe mutane, domin da yawansu a gida suke cikawa, babu likita a kusa balle takardar shaida. Sai aka riƙa bi gida-gida ana rubuta haihuwa da mutuwa. In an yi rashi, ma'aikaci yakan je bayan an share makoki, ya tambayi dangi yadda ciwon ya faro: zazzaɓi ne, ko tari, ko gudawa, ko jijjiga? Daga amsoshin nan ne likitoci ke gano musabbabin mutuwar.

Da aka aza wannan lissafi kusa da kasafin kuɗin gunduma, sai asiri ya tonu. A Morogoro zazzaɓin cizon sauro ne ke cinye kusan kashi 30 cikin ɗari na shekarun rayuwar da ake asara, amma kashi 5 kacal na kasafin 1996 aka ba shi. Ba mugunta ta jawo haka ba. Masu tsara kasafin ne ba su da alƙaluman da za su haska musu hanya. Zuwa 1998 rabonsa ya kai kashi 25. Aka horar da ma'aikatan ɗakunan shan magani su riƙa duba yaro ciki da bai, maimakon su tsaya kan ciwon da uwa ta ambata, aka kuma yaɗa gidan sauro mai magani.

Abin mamaki shi ne batun kuɗi. An tanadi ƙarin dala 2 kan kowane mutum a shekara, amma da farko gundumomin ko dala 1 ba su iya kashewa ba, saboda ƙarancin masu iya tsara aiki da riƙe lissafi. Duk da haka, cikin 'yan shekaru mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta ragu da fiye da kashi 40 cikin ɗari. Ba daidai ba ne a jingina nasarar duka ga shirin, tunda a 2001 ƙasar ta daina dogaro da kulorokwin, wanda ƙwayar cutar ta riga ta raina.

Tun 1990 wani kwamitin masana na duniya ya shawarci ƙasashe masu tasowa su ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin lafiyarsu domin bincike. Amma akasarin kuɗin binciken Rufiji da Morogoro daga baitulmalin Kanada ya fito.