Manoman Lemun Tsami na Gaɓar Amalfi

A kudancin Italiya, gaba da birnin Napoli, duwatsu sun gangaro har cikin teku, ba su bar wa manomi filin kirki ba. Nan ce gaɓar Amalfi, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. Baƙi na tururuwa su ga gidajen Positano da lambunan Ravello, su ci taliya da romon ƙananan kifayen Cetara. Kaɗan ne ke tambayar wanda ya gina gonakin da ke rataye a jikin tsaunin.

Kakannin manoman ne suka sassaƙe dutse hawa-hawa, suka jera katangu ba siminti, suka yi dakon ƙasa suka cike. A kai ake shuka lemun tsamin da ake kira sfusato: dogo ne mai tsinin baki, ɓawonsa da kauri da ƙamshi, tsaminsa kuma bai kai na wanda muka sani ba, har ana yanka shi a ci da ɗan sukari. Ba a barin bishiyar ta miƙe yadda ta ga dama. Rumfa ake kafa mata da dogayen sanduna, a lanƙwaso rassan a ɗaɗɗaure, in hunturu ya zo a lulluɓe da raga saboda ƙanƙara da iska. Manomi kan taka sandunan nan yana datse rassa, teku na can ƙasa da shi, shi ya sa ake musu laƙabi da manoma masu tashi sama.

Wahalar tana wajen girbi, wanda ke farawa a Fabrairu ya kai Oktoba. Mota ba ta hawa can. Kwando mai nauyin fiye da kilo 50 ake goyawa a baya, a sauko da shi ta ɗaruruwan matakalai, a koma a ɗauko wani. A da, mata ne suka fi yin wannan dako.

 

Sana'ar tana tsufa tare da masu ita. Lemun da aka noma a shimfiɗaɗɗen fili a Sifaniya ya fi araha nesa ba kusa ba, samari kuma sun fi son aikin otal. To amma gonar da aka yi watsi da ita, katangarta rushewa take yi, ruwan sama ya kwaso ƙasa ya yi kan gari. Mutanen garuruwan Maiori da Minori sun san abin da tsaunin zai iya: ambaliyar Oktoban 1954 ta kashe fiye da mutum 300 a yankin Salerno. Saboda haka tsadar lemun Amalfi ba zalunci ba ce. Mai saye yana biyan kuɗin lemo, yana kuma biyan ladan wanda ke gyara katangar da ta tokare dutsen.