Kofi Annan da Yaƙin da Ba a Yi Ba

Ranar 10 ga Oktoban 2002, Kotun Duniya da ke birnin Hague ta yanke hukunci cewa yankin Bakassi na Kamaru ne. A lokacin sojojin Najeriya na jibge a can, galibin masuntan wurin 'yan Najeriya ne, ga kuma zancen man fetur da ake kyautata zaton yana kwance a ƙarƙashin ruwan. Ƙasashen biyu sun riga sun gwabza a kan wannan iyaka a 1981 da kuma tsakiyar shekarun 1990, har an rasa rayuka. Kotu kuwa ba ta da soja ko ɗan sandan da za ta tura ya fitar da kowa. Duk da haka ba a yi yaƙi ba, kuma cikin waɗanda suka hana shi babu kamar Kofi Annan, ɗan ƙasar Ghana da ke riƙe da muƙamin Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya.

An haife shi a Kumasi ranar 8 ga Afrilun 1938. Ya yi sakandare a Mfantsipim da ke Cape Coast, ya ƙaro ilimi a Amurka da Suwizalan, ya kama aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya a 1962. Shekara talatin da biyar yana hawa mataki-mataki, kafin ya zama Sakatare Janar a farkon 1997, baƙar fata na farko da ya hau kujerar. A 2001 aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya tare da Majalisar.

Sai dai bai iso kujerar da farar riga tas ba. Shi ne shugaban sashen dakarun kiyaye zaman lafiya a 1994, lokacin da kwamandan dakarun Majalisar a Ruwanda, Janar Romeo Dallaire, ya aiko da saƙo cewa ana tara makamai don hallaka 'yan Tutsi, ya nemi izinin kai samame. Ofishin Annan ya hana. Bayan wata uku aka fara kisan da ya ci mutane kusan 800,000. Gaskiya ne manyan ƙasashe ba su da niyyar kai ɗauki, amma wannan bai wanke ofishinsa ba, shi ma daga baya ya amsa cewa akwai abin da ya kamata ya yi wanda bai yi ba. A ganina, gaggawar da ya riƙa yi bayan nan wajen tarar rikici tun bai kankama ba daga Ruwanda ta samo asali.

Dubi yadda ya ɓullo wa Bakassi. Bai jira hukunci ba. Tun ranar 5 ga Satumban 2002 ya haɗa shugaban Najeriya Olusegun Obasanjo da na Kamaru Paul Biya a Paris, Majalisar ta sanar cewa sun amince za su mutunta duk abin da kotu ta yanke. Haka dattijon gari yake yi in zai raba rigimar gona: sai ya ji daga bakin kowa cewa ya yarda da shari'a kafin ya faɗi inda iyaka take. Da hukuncin ya fito, gwamnatin Najeriya ta nuna rashin amincewa, jama'a suka harzuƙa. Annan bai tsaya cacar baki ba. A Nuwamba ya sake zaunar da shugabannin a Janiba, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ƙarƙashin jagorancin wakilinsa, Ahmedou Ould-Abdallah na Muritaniya.

Abin da mutane da dama suka manta shi ne shari'ar ba ta Bakassi kaɗai ba ce. Ta shafi iyakar gaba ɗaya, kusan kilomita 2,000 daga Tafkin Chadi har bakin teku. Hukumar ta faro daga arewa, inda zafin bai kai na kudu ba. A Disamban 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da talatin a gefen tafkin, ciki har da Darak, garin masunta da suka bi ruwa yayin da yake ja da baya. Bayan haka aka yi musayar wasu ƙauyuka a kan iyakar tudu, inda Najeriya ma ta samu. Sai da kowane ɓangare ya ga ɗan'uwansa ya cika ƙananan alkawura sannan aka tunkari babban. Wa'adin farko na miƙa Bakassi, a Satumban 2004, ya wuce ba a miƙa ba, Annan kuma bai tozarta kowa ba. Ranar 12 ga Yunin 2006 aka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a jihar New York, Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus suna shaida. Najeriya za ta kwashe sojojinta cikin kwana sittin, Kamaru kuma ba za ta kori mazauna ba, ba za ta tilasta musu sauya ƙasa ba. An kammala miƙawa a Kalaba ranar 14 ga Agustan 2008, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Majalisar Dattawan Najeriya ta yi watsi da yarjejeniyar a 2007, kuma dubban mutanen Bakassi da suka ƙauro jihar Kuros Riba sun shafe shekaru suna kukan rashin matsuguni. Su suka biya kuɗin sulhun da shugabanni suka sha yabo a kansa.

A Kenya kuwa wutar ta riga ta kama kafin ya iso. Bayan zaɓen 27 ga Disamban 2007, wanda aka ce shugaba mai ci Mwai Kibaki ya lashe, abokin takararsa Raila Odinga ya ce an yi maguɗi, an kashe fiye da mutum 1,000, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu. Tarayyar Afirka ta tura Annan, wanda ya riga ya sauka daga muƙaminsa, tare da Graça Machel ta Mozambik da tsohon shugaban Tanzaniya Benjamin Mkapa. Cikin kwana biyu da isarsa ya sa Kibaki da Odinga suka yi musafaha a bainar jama'a. Da ya ga wakilansu na jan ƙafa, sai ya dakatar da zaman, ya ce da shugabannin kansu zai yi magana. Ranar 28 ga Fabrairun 2008 suka sa hannu a raba mulki, Odinga ya zama firaminista, a 2010 kuma Kenya ta samu sabon tsarin mulki. Hukunta waɗanda suka kitsa kisan ne ya gagara: sunayen da ya miƙa wa Kotun Manyan Laifuka ta Duniya a 2009 sun kai ga tuhuma, amma shari'o'in duk suka rushe.

Shekara shida kafin rasuwarsa a Bern ranar 18 ga Agustan 2018, ya gwada irin wannan dabara a Siriya, ba ta ci ba. A Bakassi da Nairobi manyan ƙasashe suna bayansa da baki ɗaya. A Siriya kuwa Rasha da Sin na gefe guda, Amurka da ƙawayenta na ɗaya gefen, kowa na ɗaure wa nasa gindi. An naɗa shi a Fabrairun 2012, a Agusta ya ajiye aikin, ya ɗora laifin a kan rarrabuwar kawuna a Kwamitin Sulhu.