Gidan Burkutu A Mararaba: Dawa Ta Yi Tsada, Tukunya Ba Ta Huta Ba

Duk matafiyin da ya taso daga Ikko ko Badun zai nufi Keffi, Akwanga ko Jos ta hanyar Abuja, tilas ya ratsa Mararaba. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma da ka wuce Nyanya ka shige shi. Tun da aka mai da hedkwatar ƙasa Abuja cikin 1991 jama'a ke kwarara nan, domin haya ta fi sauƙi.

In baƙo ya bar bakin titi ya bi lungu, sai ya hangi hayaƙi yana tashi bayan wata darni, ga ganguna bisa murhu, ga mata suna juyawa da muciya. Nan ne gidan burkutu. Ba kamfani ba ne, ba injin, ba kwalba. Mace guda ce mai gida, ita da 'ya'yanta da 'yan aiki biyu ko uku. Sana'a ce ta gado wurin Gbagyi, watau Gwari, masu asalin ƙasar, da sauran kabilun tsakiyar Nijeriya, waɗanda tun kaka da kakanni suke fid da ita ran gayya da biki.

Aikin kuwa ba na raggo ba ne. Da fari a jiƙa dawa, a tsame, a shimfiɗa a lulluɓe, ana yayyafa ruwa har ta tsira. Sa'an nan a shanya, a niƙa, a dama, a dafa. A bar ta ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa, ta huce, kana a zuba ragowar ta jiya don ta tashi. Kusan mako guda ke nan. Ga shi kuma ba ta ajiyuwa: abin da bai ƙare ba cikin kwana ɗaya ko biyu ya zama asara. Dusar ma ba a zubarwa, masu kiwon aladu ke saye.

Babbar damuwar matan ita ce dawa. Tun 1988, da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, manyan kamfanonin giya suka juya ga dawar Arewa, suna saye buhu-buhu. Mai ƙaramar tukunya ba ta iya ja da su a kasuwa. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da na itace suka hau. In ta ƙara kuɗin ƙoƙo, leburori su koma ga barasar leda mai arha, wadda hukumar NAFDAC ta tashi hanawa a 2024. In ba ta ƙara ba, kuɗin makarantar yara ya gagara.

Musulmi dai ba ruwansu da wurin, addini ya haramta. Amma sau da yawa hannun Bahaushe ne ya auna dawar, shi kuma ya kawo itacen. Ciniki ya haɗa su, kowa ya tsaya inda addininsa ya tsai da shi.

Saboda haka 'yan'uwa mazauna Kudu, ku lura: dawar da ake tuƙa tuwo da ita a gidajenku, ita kamfani ke nema, ita mai burkutu ke nema. Mai halin aika kuɗi gida ya aika da kaka, a sayi hatsi a ajiye, tun bazara ba ta zo ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.