Daga ina harshen Koriya ya samo asali, kuma me ke sauya shi?

Sama da mutum miliyan 75 ne ke magana da harshen Koriya, amma har yau masana ba su daddale kan tushensa ba. A farkon rabin ƙarni na 20, masani ɗan ƙasar Finland, Gustaf Ramstedt, ya danganta shi da harsunan Turkawa da Mongoliyawa, saboda dukkansu suna ajiye aikatau a ƙarshen jimla, suna kuma jera ɗafe-ɗafe a bayan kalma. Daga baya akasarin masana suka yi watsi da wannan ra'ayi, bisa hujjar cewa kama da wane ba ta wane: harsunan da suka daɗe suna maƙwabtaka kan ari siffofin juna ko da ba su haɗa kaka ba. A yau, ɗan'uwansa na jini da aka fi amincewa da shi shi ne harshen tsibirin Jeju, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin harsunan da ke dab da ɓacewa a 2010.

Babban abin da ya dagula binciken shi ne rashin rubutu na kansa. Tsawon ƙarnoni Koriyawa sun yi rubutu da haruffan Sin, waɗanda ba sa nuna lafazin Koriya sosai. Ana kyautata zaton harshen na yanzu ya tsiro ne daga na daular Silla, wadda ta haɗe mafi yawan yankin bayan 668.

Hoton bai fito sarai ba sai da Sarki Sejong ya ƙirƙiro haruffan Hangul a 1443, aka ƙaddamar da su a 1446. Haruffan 28 ne a lokacin, yanzu 24 ake amfani da su, domin wasu sautuka sun ɓace daga bakin jama'a. Littattafan zamanin suna sanya ɗigo a gefen gaɓa don nuna hawa da saukar murya, wato karin sauti irin wanda Hausa take da shi. Mutanen Seoul sun rasa wannan, amma yankin Gyeongsang ya riƙe shi. Cuɗanya da Sin kuma ta bar gurbi mai zurfi: fiye da rabin kalmomin ƙamus na da asali daga Sinanci.

Sauyin da ya fi ɗaukar hankali na siyasa ne. Bayan raba ƙasar a 1945, Kudu ta rungumi kalmomin Ingilishi masu ɗimbin yawa, Arewa kuwa ta dinga maye gurbin kalmomin aro da ƙirƙirarru, kuma a 1966 ta ɗauki karin Pyongyang a matsayin daidaitacce. Kalmar ƙwadago “rodong” ce a Arewa, “nodong” a Kudu. A gasar Olamfik ta hunturu ta 2018, 'yan wasan hoki mata na ɓangarorin biyu da suka haɗu a ƙungiya guda sai da aka shirya musu jerin kalmomin wasan kafin su fahimci juna a fili.

Nahawun bai rabu ba, kuma ɗan Arewa da ɗan Kudu suna iya hira. Amma waɗanda suka tsere zuwa Kudu kan sha wahala da kalmomin kanti da na ofis, lafazinsu kuma kan tona asalinsu wajen neman aiki. Ƙamus na haɗin gwiwa da aka fara a 2005 ya sha tsayawa duk lokacin da dangantaka ta yi tsami, alhali kalmomin na ci gaba da nesanta da juna.